Sanyin da anka ce zai ƙetaro hamada mako mai zuwa, gaskiya ne?

"Salamu alaikum Baba. Ni manomin albasa ne a gefen Madawa. Wana da ke aiki a Faransa ya bugo mini waya shekaranjiya, ya ce can an sanar a tele tun saura kwana huɗu cewa wani sanyi na tafe, kuma ranar da anka faɗa ɗin ranar ya sauka, da ruwa da iska, dare ɗaya sai da kowa ya nemi rigar sanyi. To ga shi ana ta yawo da wani saƙo a WhatsApp wai wanga sanyin ne zai ƙetaro hamada ya iso mana mako mai zuwa, alhali mu nan har yanzu zufa muke sha da rana. Gaskiya ne? Ta yaya ku masu meteyo kuke ganewa? In jinkirta dashe ko in ci gaba? Wayata kullum lambar zafi daban take ba ni."

Wa alaikumus salam ɗana, Allah shi yi maka albarka, shi ba da sa'ar noman rani. Tambaya ukku ka ɗaure wuri guda: mi ne wanga abu da ya sauka ma wan naka a Faransa, ko shi ne zai taho mana, sannan yaya za ka yi da irin albasarka. Zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri, don abin aikina ne, shekaru masu yawa na yi ina tashi cikin dare da fitila ina karanta awo a tashar meteyo, da farko can arewa, daga baya nan Yamai, kuma wallahi ina jin ciwon yadda saƙonnin da ba a san mai su ba ke ruɗa manoma kan abin da in an zauna an yi bayani kowa zai gane shi.

Abin da ya sauka ma wanka

Masu meteyo na ce mishi furon furwa, ni in ina ma mutanenmu bayani sai in ce goshin sanyi, kamar yadda muke cewa goshin damina ko goshin azumi. Wasu masana ne na garin Bergen a ƙasar Norwe, Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob da almajiransu, sunka laƙaba mishi sunan wajen 1919 zuwa 1920, an gama yaƙin duniya na farko ke nan, sai sunka ga wurin da iska mai sanyi ke karo da iska mai ɗumi ya yi kama da bakin daga inda runduna biyu ke gamuwa.

Yadda abin ke faruwa shi ne, daga wajen 22 ko 23 ga Satumba rana na komawa kudu, ƙasashen can ƙuryar arewa dare ya fara yi musu tsawo, iskar da ke zaune bisansu ta yi ta hucewa, alhali tekun Atlantika da Bahar Rum har yanzu suna riƙe da ɗumin da sunka tara tun Yuli da Agusta. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. In tarin ta ya motso kudu sai ta kutsa ta ƙarƙashin mai ɗumin ta ɗaga ta sama, kamar yadda kake soka hauya ƙarƙashin ƙasa ka ɗago, ita kuma mai ɗumin da ta hau sama sai danshinta ya koma hadari, a sha ruwa, iska ta juya daga kudu maso yamma ta koma arewa maso yamma, bayan ya wuce sararin sama ya washe sai sanyi ya zauna. A taswirar tele shi ne layin nan shuɗi mai haƙora. Abu ne mai faɗi, tsawonsa na kai ɗaruruwan kilomita har ya wuce dubu, yana tafiya kamar kilomita 30 zuwa 50 a awa, tauraron ɗan'adam na ganinsa tun yana tsakiyar teku, ga tashoshin awo birjik, ga jiragen sama da na ruwa duk suna aiko da awo. Shi ya sa ake iya ce ma wanka ranar Alhamis da marece, kuma ranar Alhamis da marecen ya zo. Ba duba ba ne, kamar ka hango ƙurar garke ne daga nesa ka san inda ya nufa ka ƙiyasta sa'ad da zai iso rijiya, sauran kuma Allah ne masani.

Namu sanyin daban yake shigowa

Mu nan ba mu da irin wanga bango da ke faɗowa rana ɗaya. Layin da ke mulkin shekararmu wani ne, muna ce mishi fit a wurin aiki, wato iyakar da ke tsakanin iskar damina mai danshi da ke fitowa daga teku ta kudu maso yamma, da busasshiyar iskar hamada da ke fitowa daga arewa maso gabas. A watan Agusta layin kan hau har wajen digiri 20 na arewa bisa taswira, ya wuce Agadas, shi ya sa Abzin ke samun ɗan ruwanta. Daga Satumba sai ya fara ja da baya, cikin Oktoba ya bar Tawa da Madawa da Yamai a bayansa, kafin Disamba da Janairu ya kai kusa da bakin teku. Ranar da ya wuce garinku ba za ka ji sanyi ba, za ka ji bushewa ne: leɓe ya fara tsagewa, wankin da anka shanya ya bushe kafin a gama na biyu, raɓa ta daina kwanciya bisa ganyen wake da safe, ruwan tulu ya ƙara sanyi.

Kuma ka lura da abin da tsoffi sunka sani tun kafin a kawo mana ma'auni, bayan ɗaukewar ruwa zafi ke fara dawowa, agajeri, lokacin da ake yankan hatsi ana shan wuya. A Yamai zafin rana a Oktoba yana kai wajen digiri 38, dare kuma wajen 24. Zuwa Janairu rana na wajen 32 ko 33, asuba na wajen 16, Tawa kuma takan ɗan fi Yamai sanyi. Dubi lissafin da kyau, dare ne ya fi faɗuwa, kuma cikin wata ukku ya yi wagga saukar, a hankali a hankali, da 'yan tsalle-tsalle a tsakani. Zufar da kake sha yanzu da rana daidai take da lokacinta, ba alamar komi ba ce.

Mi ke sa dare ya huce haka? Danshin da ke cikin iska bargo ne. Ƙasa na shan rana wuni guda, da dare sai ta riƙa sakin zafin sama, in akwai danshi ko gajimare sai su tare shi su maido wani ƙasa, shi ya sa daren damina ke da nauyi mutum na kwance yana jiƙa tabarma. In iska ta bushe ƙayau, sama tarwai, ba mai tarewa, zafin ya tafi abinsa, ƙasa ta yi ta hucewa har fitowar rana, don haka mafi tsananin sanyi ba tsakar dare yake ba, bayan sallar asuba ne wajen ƙarfe 7. A wurin aiki abin da muke bi shi ne awon raɓa, wato digirin da in iska ta huce ta kai shi raɓa za ta fara kwanciya. Da damina a Yamai yana sama da 20. In ya sauka ƙasa da 15 ya zauna can mun san fit ya wuce mu. Cikin tsakiyar hunturu yakan faɗi ƙasa da 5, wani lokaci har ƙasa da sifili. Da ma'auni biyu muke samo shi, ɗaya a bushe ɗaya an naɗe mishi kai da ɗan ƙyalle jiƙaƙƙe, bambancin da ke tsakaninsu shi ke faɗa maka ƙishirwar iska, hikimar tulu ce dai anka sa cikin kwalba. Ni dai har gobe in anka tambaye ni yaushe ɗari zai kama, wagga lambar nake fara dubawa kafin kowace.

To ina alaƙar da sanyin Faransa?

Akwai ta, kuma nan ne saƙon naku ya ɗauko ɗan gaskiya ya cika shi da ƙari. Wani lokaci goshin sanyin Turai yakan nutso kudu sosai, ya ƙetare Bahar Rum, ya faɗa Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, a yi ruwa a bakin teku, ƙanƙara ta zuba bisa duwatsun Atlas, har garin Ain Sefra da ke bakin hamada a Aljeriya ya ga ƙanƙara bisa rairayi a Disamba 2016 da kuma Janairu 2018, wataƙila ka ga hotunan. Amma daga bakin tekun Libiya zuwa Tawa wajen kilomita 2000 ne na rairayi da dutse, ba kogi ba tabki. Goshin na shigowa hamada ruwansa ya ƙare, hadarinsa ya watse, iskar kuma tana tafe tana shan ɗumin ƙasar da take bi. Abin da ke saura shi ne nauyinta. Bayan goshin ya wuce sai iska mai nauyi ta taru bisa Libiya da gabashin Aljeriya, baromet, wato ma'aunin nauyin iska, ya hau can ya kai 1025 ko 1030 hektopaskal, alhali kudu da mu yana wajen 1010, to iska ba ta zama inda ta yi yawa, sai ta kwararo zuwa inda ta yi ƙaranci kamar ruwa daga tudu zuwa fadama, juyawar duniya kuma ta karkata ta ta fito mana ta arewa maso gabas. Wagga ita ce jaurar da ke tashe ka da dare tana kaɗa ƙyaure. Daga ranar da nauyin ya hau a Libiya zuwa ranar da za mu ji a jikinmu yakan ɗauki kamar kwana biyu zuwa huɗu.

A hanyarta kuma akwai wani wuri da ya kamata kowane ɗan Nijar ya san sunansa, Bodele, a arewacin Cadi kusa da Faya. Tsohon gindin tabkin Cadi ne tun sa'ad da tabkin ke da girma ƙwarai, ya bushe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar na bi ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta matse kamar ruwa cikin mazurari ta ƙara gudu, da hantsi in rana ta fara dumama ƙasa sai ta sauko ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Ba wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Ita ce ke isowa Gigimi da Difa da farko, sannan Damagaram, Maraɗi, ku, mu nan Yamai a ƙarshe, farin hazon nan da ke sa rana ta koma kamar faifai kana kallonta ido da ido, jirgi ya kasa sauka.

Wanda ba na mantawa shi ne na farkon Maris 2006. Shekarar an cika Yamai da masu bincike na shirin AMMA mai nazarin daminar Afirka ta Yamma, Amurkawa ma sun kafa na'urorinsu a filin jirgi, sai ga irin wanga turi daga arewa ya taso da ƙarfi, ƙura ta rufe Afirka ta Yamma kusan baki ɗaya, a Yamai gani ya koma ƙasa da kilomita ɗaya, zafin rana ya faɗi da kusan digiri 10. Ka riƙe watan: Maris. Manyan turin nan sun fi zuwa daga Disamba zuwa Maris, lokacin da sanyin Turai ya yi ƙarfin nutsowa kudu. A ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba hamada na da sauran zafinta, abin da ke isowa galibi ɗan somin taɓi ne, iska ta ɗan motsa, hazo ya ɗan sauka kwana biyu ukku, asuba ta ragu da 'yan digiri, sannan rana ta dawo da zafinta. Saboda haka saƙon da ya ce sanyin Faransa zai faɗo maka mako mai zuwa kamar yadda ya faɗo ma wanka, ban yarda da shi ba.

Yadda muke yi a wurin aiki

Ba wani sirri. Kowace tasha na da ɗan farin akwati mai tagogi a tsaye bisa ƙafafu, tsayin kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, ma'aunan na ciki cikin inuwa iska na ratsawa, ana karantawa duk awa ukku a aika, na filin jirgi ma ya fi haka yawa. A Yamai ana sakin balan-balan mai ɗauke da na'ura ta hau sama tana aiko da zafi da danshi da iska hawa hawa. Tauraron Meteosat na aiko da hoto duk minti 10 zuwa 15, kuma akwai wani haɗin launi da ake yi wanda ƙura ke fitowa ja-ja mai haske, kana zaune a biro kana kallon Bodele na tashi da hantsi kamar hayaƙin gobara. Sannan ga manyan kwamfutoci na cibiyar Turai mai hedikwata a Reading a Ingila, da na Amurka, da na Faransa, suna haɗiye awon duniya gaba ɗaya su lissafa gobe da jibi da gata. Nan Yamai kuma Allah ya yi mana arziki, ban da ma'aikatar meteyo ta ƙasa ga AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da ruwa don noma, tun 1974, ga ACMAD, cibiyar meteyo ta Afirka gaba ɗaya, ga makarantar EAMAC inda ake koyar da masu aikin.

Ni in na zauna da safe wanga lokaci na shekara, ba Nijar nake fara kallo ba, Bahar Rum nake kallo, in ga ko akwai goshin da ya nutso har Libiya da kuma ko nauyin iska na hawa bayansa. Daga nan in dubi iska a tsayin 'yan ɗaruruwan mita bisa arewacin Cadi, in ta yi ƙarfi na san ƙura za ta tashi. Sai in dubi zafin iska a wajen mita 1500 sama da ƙasa, don can ne ake ganin ainihin sanyin da iskar ta ɗauko ba tare da ruɗin ƙasa mai zafi da rana mai sanyi da dare ba. Sannan tashoshin da ke gabanmu, Bilma da Agadas da Gigimi, su ne masu gadin ƙofa, abin da sunka gani yau mu za mu gan shi gobe ko jibi. Bilma kuwa ba wasa, an taɓa auna ƙasa da sifili can cikin Janairu.

Akwai kuskuren da na yi ina sabon shiga da har yau nake koya ma yara da shi. Na ga duk alamun turi mai ƙarfi, na rubuta cewa asuba za ta yi sanyi ƙwarai nan da kwana biyu, anka karanta a rediyo. Iskar ta zo kuwa, da ƙura mai kauri, rana ta yi sanyi har masu kabu-kabu sunka naɗe fuska da rawani da tsakar rana, amma asubar da na yi alkawari ba ta faɗi ba ko kaɗan, har ta ɗan fi ta jiya ɗumi. Wani dattijo mai garka da ya kwana yana lulluɓe irin tumatir ɗinsa ya tare ni ya ce yaro, ai ba a ɗari ranar hazo, sai ya ɗauke. Gaskiyarsa. Ƙura mai kauri na tare rana da wuni, amma da dare ita ma ɗan bargo ce, iskar da ke kaɗawa kuma na gauraya iskar ƙasa mai sanyi da ta sama mai ɗumi ta hana ta kwanciya. Sai ranar da iskar ta faɗi, hazon ya washe, taurari sunka fito tsaf, to wanga daren ne ɗari ke shiga ƙashi. Ya zo kuwa, kwana biyu bayan ranar da na ce. Tun daga nan ba na cewa sanyi kawai, sai in raba, sanyin rana ne ko na asuba, don ba rana ɗaya suke zuwa ba kuma ba abu guda ke kawo su ba.

Wani abin da ke ɓata lissafin asuba shi ne siririn gajimaren nan fari na can sama da ke ratsowa daga yamma cikin ɗari, in ya yi kauri dare ba ya hucewa. Wani sa'in ma yakan kawo yayyafi ba lokacinsa ba, kuma shi ne ya fi haɗari ga makiyaya, don dabba ta jiƙe iska mai sanyi ta buge ta. A Janairu 2002 haka ta faru a arewacin Senegal da kudancin Muritaniya, an yi asarar dabbobi masu yawan gaske har da rayukan mutane. In kana da dangi wajen Abalak ko Cintabaraden, wanga shi ne labarin da ya cancanci a buga musu waya a kansa in an sanar.

Maganar wayarka

Wayar ba ta da ma'auni a Madawa. Tana ɗauko lissafin ɗaya daga cikin manyan kwamfutocin nan ne, waɗanda ke yanka duniya gida gida, kowane gida kilomita 9 ko fiye, su ba gidan gaba ɗaya lamba guda. To kai ka san Adar, tudun dutse ne da kwaruruka, kuma iska mai sanyi da dare gangarawa take ta kwanta a kwari kamar ruwa, wanda ke fadama na rawar ɗari wanda ke bisa tudu bai ko ja mayafi ba, wayar ba ta san wanga ba. Hamada kuma tashoshin awo cikinta kaɗan ne ƙwarai in an gwada da Turai, wato lissafin na farawa da ƙarancin labari daga inda iskarmu ke fitowa, ga shi ƙura na wahalar da shi. Lambar na sauyawa ne don ana sake lissafin sau da yawa kowace rana da sabon awo, kuma tun 1963 wani masani Ba'amurke, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan kuskure ƙanƙane a farkon lissafin iska yana girma kullum har ya cinye amsar. Shi ya sa cibiyar Turai ke gudanar da lissafin sau 51 da ɗan bambanci a mafari, in duk sun nufi wuri guda mu saki jiki, in sun warwatse mu kama bakinmu.

A gwajina, kwana ɗaya zuwa ukku ana iya dogara da shi, har kwana biyar ana iya sanin ko iska za ta taso ko za ta kwanta, abin da ya wuce mako guda kuwa sai dai a ce maka yanayin ya karkata nan ko can, ba rana ba lamba. Duk wanda ya ce maka ranar kaza nan da kwana goma sha biyu za a yi digiri kaza a Madawa ya faɗi abin da ilimin bai kai ba. Ka riƙa kallon inda lambobin sunka nufa, suna sauka ko suna hawa, kada ka riƙe lambar kanta, kuma sanarwar ma'aikatar meteyo ta ƙasa da ake karantawa a rediyo ta fi saƙon da ba sa hannu, don akwai mutum a bayanta da ya san ƙasar kuma za a tambaye shi in ya yi kuskure.

Albasarka

Kada ka jinkirta dashe saboda wanga saƙon. Albasar Galmi 'yar sanyi ce, cikin ɗari take yin ganye ta tara ƙarfi, zafin da ke biyowa baya ya sa ta yi kai, in ka makara sai zafin bazara ya riske ta ba ta gama ginuwa ba, kai ma ka fi ni sanin wannan. Sanyin da ke daskarar da ruwa ya ƙone shuka abin tsoron masu garka ne na bisa duwatsun Abzin, Bagazam da kewayenta, ba na kwarin Madawa ba. In iri ya isa dashe, ka bi kwanakinsa da shawarar malamin gona na wajenku.

Abin da nake so ka ji tsoro iska ce. Dashen da anka yi jiya saiwarsa ba ta kama ba, in jaura ta taso da ƙarfi tana tsotse ruwan ganye fiye da yadda saiwar ke iya maidowa, rairayin da take ɗauke da shi kuma yana karce ɗanyen ganye, fangalin da ka saba ba ruwa bayan kwana ukku sai ka tarar ya bushe a kwana biyu. Don haka in ka ji an sanar da iska mai ƙarfi da ƙura nan da kwana biyu, ko ɗan'uwa na Damagaram ya ce maka hazo ya rufe su yau, to ka ɗan dakata kwana biyun nan ko ukku ta wuce, ka yi dashenka da marece, ka ba da ruwa nan take, sannan ka kafa darnin kara ko zana ta gefen gabas da arewa. Shinge yana kare fili kamar ninki goma na tsayinsa a bayansa, kuma wanda iska ke ɗan ratsawa ya fi wanda ya toshe ruf. Ku da ke kusa da kwarin Majiya ba sai an ba ku labari ba, layukan dogon yaro da anka fara dasawa can tun 1975 don wagga iskar anka yi su.

Ga kuma wani roƙo da nake yi kowace shekara, ko da ba ka tambaya ba. In ɗarin ya kama da gaske, kada a shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga a kwanta, hayaƙin da ke kashewa ba shi da wari ba a kuma ganinsa, mutum barci kawai zai ji. Masu kwana a garka su kashe wuta kafin su kwanta don iskar dare na ɗaukar tartsatsi zuwa bukka. Yara da tsoffi a rufe musu ƙirji da asuba, ranar hazo a rufe hanci, kuma zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya lokacin ƙura maganar likita ce nan take, ba a jira gobe.

In kana da hali ka sayi ɗan ma'aunin zafi na kasuwa, ka rataye shi cikin inuwa a garkar, daidai tsayin ƙirjinka, nesa da bango da bakin rijiya, ka karanta shi kullum in ka dawo daga sallar asuba kafin rana ta taɓa shi, ka rubuta a littafi tare da ko akwai raɓa, ko akwai hazo, da inda iska ta fito. Ka gwada da abin da wayar ta ce, cikin mako ukku za ka san digiri nawa fadamarka ke bambanta da lissafinsu, daga nan kai za ka riƙa gyara musu. Ka aiko mini da lambobin in sun taru, ina son in gani, don daga kwarin Madawa ba kasafai muke samun awon asuba ba. A gaida wan naka in ya sake bugowa.